Ƙanƙarar Gonar Marke

Da sunan Allah, mai saukar da ruwa inda ya so, mai riƙe shi inda ya so. Wannan babin na shekarar da Baba ya rasu ne, kuma shi na fi jinkirin rubutawa, don duk sa'ar da na ɗauki alƙalami sai in sake ajiye shi. Amma kwanan baya na ji ɗaya daga cikinku, ba zan kama suna ba, ya san kansa, yana gaya wa abokinsa wai kakansa ya bar takardun da sunka nuna gonar Marke gidan ƙanƙara ce, har yana ɗaukar su hoto da waya yana dariya. To malam mai waya, nemi wuri ka zauna. Takardun nan sun kusa sa mu tozarta wanda ya rubuta su, mu ɗiyansa na cikinsa, kuma da kyakkyawar niyya.

Kakanku Malam Buhari manomi ne mai ɗan karatu, a ƙauyenmu da ke gabas da Wurno. Gonarsa babba ita ce ta Marke, a kan tudu, nesa da gari, sunan kuwa daga itacen marke ne da ke tsakiyarta. Ina yarinya, ban kai ga ɗaukar babban tulu ba, maƙwabcinsa na gona Malam Jabbi ya tashi ya ce gefen gabas na gonar, daga marke zuwa layin gamba, na ubansa ne. Waɗanda sunka san asalin iyakar duk sun mutu. Magana ta kai gaban alƙali, anka ba Baba rantsuwa, ya yi alwala ya dafa Alƙur'ani ya rantse, anka bar masa gonarsa. Da daminar ta zagayo, gero ya yi kai ya fara nuna, sai hadari ya taso da la'asar ya zubo ƙanƙara a Marke ya kwantar da geron nan kaf. Abin da ya ɗaure kan mutane shi ne ɓarnar ta tsaya kusan daidai layin gamba. Gonar Malam Jabbi da ke manne da tamu tana tsaye lafiya lau. Ranar Juma'a ya tsaya ƙofar masallaci ya faɗi maganar da ta bi mu har girmanmu.

"Alƙali ya yi nashi, Mai sama ya yi nashi. Inda ƙanƙara tah hwaɗi, nan maƙaryaci yake."

Baba bai tanka ba, ranar nan da bayanta. Mu munka sha ta. In na yi faɗa da yarinya a bakin rijiya, kuma ni ban iya barin ta kwana ba, ku shaida ne, ƙarshen zaginta shi ne, "ɗiyar mai ƙanƙara." Bayan wasu shekaru ta sake sauka a Marke, sai manya sunka riƙa girgiza kai suna cewa ruwa ba ya tsami banza. Ba wanda ya daina gaisawa da Baba, amma an daina kiransa shaidar iyaka ko rabon gado, alhali da can shi ake fara nema. Haka ya rayu da abin fiye da shekara ashirin, har Allah ya karɓi abinsa a farkon wata damina.

Lokacin ina gidan babanku, can wajen Kagara ta ƙasar Goronyo, da ku uku, Luba tana goye. Na zo sadakar arba'in. Bayan baƙi sun watse, wana, Yaya Modi, ya same ni a ɗakin Goggo Hassi, ƙanwar Baba, riƙe da gafakar Baba ta fata. Idanunsa sun yi ja. Ya zaro ganyen takarda bakwai da ajamin Baba a kansu, ya jera su a kan tabarma. Kowace guda labarin saukar ƙanƙara ne, kuma kowace guda a Marke.

"Duba ki gani, Kulu," ya ce. "Bakwai. Ba ta gonarmu ta Bayan Gari, ba ta sauran gonakinmu, duk Marke. Ta hwarko kuwa daminar da tab bi rantsuwa ta. Shi da hannunai yar rubuta. Mutum ba shi ajiye irin wanga sai abin na cin shi."

"To sai mi?" na ce.

"Kin san abin da anka ce ga wanda yac ci ko taƙi guda na ƙasar wani. Baba na kwance, ba shi iya gyara komi. Mu ka iyawa. In an yanke gero, kahin a raba gado, zan tara mutane in maida wa ɗiyan Malam Jabbi gehen nan, in roƙa wa Baba gahwara gare su."

Ku fahimce ni, kada wani ya tashi da ƙin kawunsa. Yaya Modi ba ƙin Baba yake ba. Son sa ne ya hana shi barci, yana ganin ubansa cikin kabari da nauyin ƙasa a wuya. Amma ni abin da na ji shi ne, ɗan fari zai tsaya gaban gari ya ce ubansa ya dafa Alƙur'ani a kan ƙarya, kuma daga ranar ba mai iya goge wannan. Sai bakina ya riga hankalina.

"Aikin da Jabbi yak kasa yi da rai, kai za ka ƙarasa mai. Sannu da ƙoƙari, Yaya."

Ya dube ni kamar na mare shi. Ya tattara takardun, sannan ya sake ajiye su gabana, ya ce in ina da wata fassara in kawo ta kafin a yanke gero, in ba ni da ita in rufe bakina. Har yau ina nadamar maganar nan da na yi masa.

Gaskiya tsakanina da Allah, ni ma na ji tsoro. Baba ya koya mani ajami tare da maza, don haka da safe na fito da takardun tsakar gida na karanta su ɗaya bayan ɗaya. Duk tsarinsu ɗaya ne. Zai fara da wani abu na gida da zai tuna shekarar da shi, kamar saukar Alƙur'anin Modi ko aurena. Sai ya rubuta tauraron da ake ciki, irin lissafin manoma na damina, wanda kowane tauraro ke da kwanakinsa, kamar Zira'a lokacin noman fari, ko Sarfa lokacin da gero ke nuna. Sai watan Musulunci, sai rana da lokaci, sai inda hadarin ya fito. Girman ƙanƙarar kuwa da abin da ya sani yake gwada shi, wata kamar magarya, wata kamar ƙwan kurciya. Sai abin da ta ɓata. Ƙarshen kowace takarda kalma ɗaya ce ba ta canzawa: na gani da idona, alhamdu lillahi. Na nemi inda ya ce astagfirullahi, ko inda hannunsa ya yi rawa, ban samu ba. Amma bakwai ɗin nan suna nan, kuma ban san abin da zan yi da su ba.

Goggo Hassi ce ta fara kwance mani kai. Tana gefe tana tsince wake, ta sa na karanta mata duka, sai ta yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Ke da wanki duk karatunku na banza na. Wace shekara takarda tah hwara?"

"Daminar da tab bi rantsuwa."

"To kahin nan sama ba ta da ƙanƙara? Ina budurwa ta sauka Marke, tak kashe muna zabbi huɗu, kakanku yas sa munka kwashe su munka gyara tun ba su sanƙare ba. Sa'annan Buhari ko gemu bai da shi, bare rantsuwa. Wa yar rubuta? Ba kowa, don ba wanda anka zarga. Takarda ba ta san abin da anka yi kahin a haihe ta ba."

Ta ci gaba da tsintarta, sannan ta ƙara da tambayata inda Baba ke kwana da damina. A bukkarsa ta Marke mana, kowa ya sani, tun daga shuka har a ɗaure dame, sai Juma'a yake shigowa gari. Ta ce to mutumin da ko labarin kasuwa ba ya ba ka in ba shi ya je ba, wanda in ka ce masa "an ce" sai ya tambaye ka "wa yac ce," ta yaya zai rubuta ƙanƙarar da ta sauka inda ba ya nan? Nan take na ga abin da ya kasance gabana tun safe. Takardun ba inda ƙanƙara ke sauka suke nunawa ba. Inda Baba ke zaune suke nunawa.

Na tafi wa Yaya Modi da wannan da ɗokina, ya saurare ni har na gama, ya ce Goggo ƙanwar Baba ce, dole ta kare shi, kuma zabbin da anka cinye shekara hamsin ba shaida ba ne. Na ji haushi, amma yana da gaskiyarsa. In hadarin nan bakwai sun taɓa wasu ba mu kaɗai ba, to sai in nemo waɗanda sunka taɓa.

Na koma Kagara na gaya wa babanku. Ina jiran ya ce mace da goyo ba ta yawon ƙauyuka cikin damina a kan maganar da ta mutu. Allah ya jiƙansa, bai ce haka ba. Ya tambaye ni kwana nawa, na ce ban sani ba. Ya ce in bar manyan wurin innarsa, in tafi da Luba, duk garin da na sauka in sauka gidan dangi, in aiko masa da inda nake. Wakena da na shuka a bayan gida ciyawa ta cinye shi a shekarar, bai taɓa ambata mani ba.

Na fara da maza, na ɓata kwana biyar. Namiji in ka tambaye shi yaushe ƙanƙara ta ɓata masa gona, sai ya ce, "Ai an daɗe," ko "bara waccan," alhali bara waccan ɗinsa shekara goma ce. Da na koma cikin gidaje sai na tarar da abin da nake nema. Mace ba ta manta shekarar da take da ciki ko take jego, ba ta kuma manta abin da ya fasa mata tukunya. Sai na canza tambaya. In takarda ta ce shekarar saukar Modi, na san damina nawa ke nan, sai in nemi matar da ke da ɗa mai waɗannan shekarun, in ce mata, daminar da kika haifi wane, an yi ƙanƙara? Ko nan ma sai da na yi kuskure. Wata tsohuwa a hanyar Rabah ta ce mani ta tuna wadda anka yi cikin azumi, ni kuwa ina da takarda mai azumi, na yi ta murna na ɗaure a bakin zane. Da na zauna da Goggo sai ta ce in tambayo yadda gero yake a lokacin. Na koma, tsohuwar ta ce ai shuka ko gwiwa ba ta kai ba. Tawa kuwa ta ce Sarfa, gero ya nuna. Azumi yawo yake cikin shekara, yau yana farkon damina, bayan 'yan shekaru ya koma bazara, tauraro kuwa yana nan inda yake. Ashe hadari biyu ne daban, shekaru tsakaninsu. Daga ranar ban ƙara karɓar labari ba sai abu uku sun haɗu: shekarun yaro, watan da ake ciki, da tsayin gero.

Mako shida na yi a kan wannan. Na hau jaki, na hau motar kasuwa, na shiga kwalekwale na ƙetare Rima da goyo, mafi yawa kuwa da ƙafa, ta hanyoyin da yanzu ko namiji ba ya bin su shi kaɗai, Allah ya kawo mana sauƙi. Ba gidan da na yi sallama anka hana ni ruwa ko fura. Wata mai ginin tukwane wajen Taloka ta kai ni har inda ta shanya ɗanyun tukwanenta ranar da ƙanƙara ta maida su laka, tana jegon kwana tara. Wata ta tuna 'yan awakinta biyu. Matar wani limami ta ce tasu gonar ma ta kwanta, ta yi dariya ta ce in ƙanƙara maƙaryata take bi to sai a sake liman. Matan nan ba su san ni ba, ba su san Baba ba, sunka ajiye daka da surfe sunka zauna suna lissafa mani haihuwarsu da yatsu. Yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Ban san sunan rabinsu ba, amma ba na sallame salla ban tuna da su ba.

Duk sa'ar da na dawo gida, ni da Goggo sai mu shimfiɗa tabarma, mu sa dutse a matsayin Marke, mu sa ƙwayar wake a kowane gari da anka ba ni labari. Sai ga abin ya fito. Kowane hadari layi yake yi, siriri, daga gabas ya nufi yamma, kamar sawun garken shanu, ya taka wannan gona ya tsallake ta kusa da ita. Tsayawar da ta yi a layin gambarmu ba wani abin mamaki ba ne, haka ta yi wa mutane da dama, sai dai su ba su da rantsuwa a bayansu bare a lura. Cikin bakwai, huɗu na samo musu abokai a wasu garuruwa. Biyu ban samo kowa ba, duk inda na tambaya. Ta bakwai ɗin kuwa, wadda ita ce ta farko, wadda duk maganar ta tsiro daga gare ta, ta ba ni wuya. Na samo ta can gabas mai nisa, na samo ta a Marke, tsakani kuwa wani kwari ne da ba gari kusa. Na tambayi wani makiyayi ko akwai mai noma a kwarin. Ya ce gona ɗaya ce, ta gidan Malam Jabbi, wadda matarsa ta gada daga ubanta.

Malam Jabbi ya rasu shekaru kafin Baba. Matarsa Inna Yalli tana nan da rai, ta tsufa, tana gidan babban ɗanta Ige. Rabona da gidan tun kafin rantsuwa. Goggo ta ce kada in je, ba a tambayar kura labarin akuya. Na je da hantsi. Na tarar da ita a inuwar rumbu tana kaɗa auduga. Ta gane ni tun kafin in faɗi sunana, ta amsa gaisuwa ba yabo ba fallasa. Na durƙusa na ce mata abin da ya kawo ni, ban ɓoye komai ba, har da abin da Yaya Modi ke shirin yi. Na ce ina tambaya ne kawai, ranar da ƙanƙara ta kwantar da Marke, ko ta taɓa gonarsu ta kwari. Mazarin ya tsaya a hannunta. Ta sunkuyar da kai.

"Na tsuhwa, ɗiyata," ta ce. "Ban tuna ba."

Na fito ina kuka, kukan haushi, har Luba ta kama nata a bayana. Na san ta tuna.

Anka yanke gero, anka sa rana. Maza sunka cika zauren gidanmu bayan hantsi: liman, dattawan unguwa, Yaya Modi, da Ige da ƙannensa. Mu mata muna daga ciki, zana ce tsakaninmu da su. Tun asuba nake kokawa da zuciyata a kan takardun nan biyu da ban samo wa abokai ba. Ba wanda ya san haka sai ni da Goggo, in na yi shiru shi ke nan. Amma na ga ba zan wanke mutum daga zargin ƙarya da ƙarya ba. Da liman ya ba ni izini na faɗi duka daga bayan zana: zabbin Goggo, bukkar Baba, matan da garuruwansu, layin da hadari ke bi, sannan na ce akwai biyu da ban san wanda sunka taɓa ba bayan mu. Sai Ige ya yi gyaran murya.

"Mun ji, kuma an yi ƙoƙari. Amma ba waɗanga huɗu muka magana ba. Ta hwarko hwa? Wadda tat tsaya ga gamba?"

Zato gare ni, zato kuwa ba shaida ba ne. Ta kafar zana na ga Yaya Modi ya dafa ƙasa zai miƙe. Sai na ji ƙarar sanda a bayana, ta ƙofar mata. Inna Yalli ce, ita kaɗai, ta tako tun daga unguwarsu. Ba ta gaida kowa ba. Ta zauna kusa da ni da ƙyar, ta maida numfashi, ta ɗaga murya yadda za a ji a zaure.

"Liman, Yalli ta. Modi shi zauna, ina da magana. Rannan da ƙanƙara tak kwantar da Marke, ta kwantar da gonarmu ta kwari, ta hi ma ta Buhari lalacewa, ko zangarniya guda ba mu ɗauka ba. Munka sare karan munka ce wa mutane tsuntsaye na."

"Inna," in ji Ige.

"Yi mani shiru. Kai kaɗ ɗauko karan bisa jaki, ko ka manta?"

Can liman ya yi salati, ya ce shi dama bai taɓa karanta inda anka ce ƙanƙara shaida ce ba, laifinsa ne da bai faɗa da ƙarfi ba tun da daɗewa. Ya ce rantsuwa tana nan inda alƙali ya bar ta, abin da ke cikin zukata kuwa na Allah ne. Yaya Modi ya rufe fuskarsa da hannun riga. Anka yi fatiha anka tashi, gonar Marke ta shiga rabon gado da iyakarta yadda take.

Ga abin da nake so ku riƙe game da takardun, ku da za ku gaje su. Ba su ce Marke gidan ƙanƙara ce ba, don ba a rubuta na sauran gonaki ba bare a gwada. Mai yiwuwa tudun ya fi wasu wurare shan ta, biyun nan da ban samo ba suna nan, ban kuma share su ba. Haka nan ba su tabbatar da cewa gefen gabas na Baba ne ba. Ni na yarda nasa ne don na san wanda ya haife ni, amma wannan sanin ɗiya ne, ba na takarda ba. Abin da kawai munka iya shi ne munka cire ƙanƙara daga cikin shari'ar.

Abin bai tafi kyauta ba. Yaya Modi ya yi shekara biyu bai taka gidana ba, ba don na yi gaskiya ba, sai don maganar da na jefe shi da ita a ɗakin Goggo, kuma ni ce na je na durƙusa daga baya. Wadda ta fi kowa biya kuwa Inna Yalli ce. Ta tona asirin mijinta yana kabari, gaban ɗiyansa. Ba su kore ta ba, ba su hana ta tuwo ba, amma an daina zama hira a ɗakinta, haka ta ƙarasa sauran shekarunta uku.

Kwana uku bayan taron, kafin in koma Kagara, na je yi mata godiya. Na kai mata goro da ɗan turmin atamfa da babanku ya aiko. Tana inda na bar ta, inuwar rumbu, amma ba ta kaɗi. Na fara jero godiya, ta ɗaga hannu ta tsayar da ni.

"Ba don ke niy yi ba, kada ki ɗauka wa kanki. Ubanki ya sani."

"Ya san mi, Inna?"

"Washegarin ƙanƙarar ya bi ta kwari bisa jakinai, za shi gaisuwar mutuwa wajen Taloka. Ya iske mu cikin gonar, ni da Malam da Ige, muna saran kara. Ya tsaya. Ya dube mu, munka dube shi. Yac ce, sannunku, Allah shi maida alheri. Yaw wuce."

Na ce amma ai bayan nan ne Malam Jabbi ya yi maganar ƙofar masallaci.

"Bayan nan na, da kwana biyu. Tsoro yas sa shi, yana son shi riga Buhari. Ina gida anka kawo mani labari, nic ce shi ke nan, yau za ya hwaɗi, kalma guda ta ishe shi, maganar Malam ta dawo bisa kanmu. Ɗiyana mata biyu an sa musu rana shekaran nan, wa za ya ɗauki ɗiyar wanda yay yanke wa kanai hukunci da bakinai? Juma'a taz zo taw wuce. Shekara taz zo taw wuce. In na hange shi tahe sai in canza hanya. Shekara ashirin da 'yan kai ina jiran shi buɗe baki, har anka ɗauke shi bisa makara bai buɗe ba. Da kinka zo kunya ta hana ni. To amma in zauna ɗiyanai su durƙusa su ba mu haƙuri? Mu?"

Ni da na yi mako shida ina gaya wa duniya cewa Baba yana rubuta duk abin da ya gani, ashe akwai wanda ya gani ya ƙi rubutawa, ya bar mu muna shan zagi a bakin rijiya don kada 'yan matan wani gida su sha. Na yi fushi da shi a ranar, ba zan ɓoye muku ba. Sai da na aurar da nawa ɗiyan fushin ya sake ni, godiya ta maye wurinsa, har nake jin ban cancanci zama ɗiyarsa ba.

Ba ta karɓi atamfar ba, goro ɗaya ta ɗauka ta ɓare ta ba ni rabi. Kabarinta yana yamma da na kakanku, taku kaɗan ne tsakani. Ba danginku ba ce, ba ta bar muku ko cokali ba. In kun je yi masa addu'a, ku ƙarasa wurinta.